Bakin Murfi

Jirgin ya girme ni da damina bakwai.
Baba ya sayo shi a Bilangwa
shekarar da tafki ya ja da baya
har aka shuka wake inda ake jefa taru.
Zanen iskarsa buhunan fulawa ne sha biyu,
ɗinkin Iya Falmata da zaren koma.
Iska ta san shi, shi ma ya san ta,
ba su cika faɗa ba a kan ruwa.

Ba katakon ne ya ci amanata ba.
Murfin rumbu ne, can wajen goshi,
inda muke ɓoye gishiri da ashana
da bandar da zan kai Kusiri.
Ran Talata igiya ta hau mu sau uku.
Da muka tsaya Darak na ɗaga murfi:
gishiri ya narke ya koma gidansu,
banda ta jiƙe tana warin asara.
Dillali ya sunsuna, ya ce Allah ya mayar,
ya bar ni tsaye a tsakiyar kasuwa.

Yau na janyo shi gaɓa
da wuƙa da filaya, gindin bagaruwa.

Robar bakin murfin ta bushe,
ta tsattsage kamar dunduniyar manomi,
ka taɓa, ta zube gari-gari.
Ƙusa ashirin da uku na cire.
Huɗu sun ba ni kai, sun hana ni gindi,
tsatsa ta ƙulla zumunci da katako,
ba lallashin da zai sa su fitowa.

Ƙarƙashin robar sai ga wata,
tiyub ɗin keken Kawu Barka
da jan facinsa har yanzu.
Ƙarƙashin wannan, tsumma cikin kwalta.
Ina kankarewa launi ya leƙo,
shuɗi mai ɗigon ruwan ɗorawa.
Na san zanen nan.
Da shi aka goya ni.
Ban ga ranar da Baba ya yage shi ba,
ban san shekara talatin
goyona ke tsaye tsakaninmu da ruwa.

Na ajiye wuƙa.
Wani tsuntsu ya nitse, ya fito da tarwaɗa.
Na ninke tsumman na sa aljihu,
aiki ba ya jiran mai tunawa.

Sabuwar robar ta babbar mota ce,
Abaca mai faci ya yanko mini
sefa dubu da ɗari biyar, ba ragi.
Na tsaga ta faɗin yatsa biyu,
na wanke bakin da kananzir,
na bar shi ya sha rana,
na shafa danƙo, na jira ya daina kama yatsa.
Miƙaƙƙen gefe ba ya gardama.
Kusurwa ce mai wuya,
roba kamar tsoho take,
sai da ɗumi take yarda da lanƙwasawa.

Sai na kira Yagana, 'yar ƙanwata,
shekararta shida, rumbu daidai ita.
Ta shiga ta duƙa, na rufe.
Me kike gani?
Duhu.
Duba da kyau.
Shiru. Can sai murya daga cikin katako:
Tauraro ɗaya, wajen hannun hagu.
Kawu, bar mini shi, yana da kyau.
Na ce inda haske ya samu hanya,
nan gobe za ki ga ruwa.

Ta fito tana kumbura baki.
Na sa hannu aljihu,
na yagi shuɗin nan kamar kan yatsa,
na tsoma kwalta, na cusa da bakin wuƙa,
tauraron ya mutu.
Guga uku na sheƙa a kan murfi,
na ɗaga, na shafa ciki da tafin hannu:
ƙura kawai, da ƙayar kifi guda.

Gobe da asuba in iskar gabas ta tashi
za mu ɗaga buhunan Iya.
Yagana tana can bakin gaɓa
tana jifan kwaɗi da tsakuwa,
har yanzu ba ta amsa mini gaisuwa.